Ranar da Kyaftin Ya Yi Alƙalancin Ninƙaya

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu na 2016, gari ya waye da hadarin da bai yi niyyar zuba ba. An ɗan yi yayyafi da asuba, ya ɗauke, ya bar zafi mai danƙo da ke manna riga a gadon baya. Shugabar makaranta ta riga kowa isowa. Ta zaga tafkin ninƙaya, ta duba igiyoyin da suka raba layuka shida, ta sa aka tsame wani ganye da ke yawo a kan ruwa, sannan ta tsaya tana kallon shuɗin tayil kamar mai duba ɗakin da za a sauki baƙi.

Ta daɗe tana jayayya da masu makarantar a kan tafkin nan. Su so suke a cike shi da ƙasa a yi wurin ajiye motoci, don a ganinsu mota ba ta shan magani kuma ba ta buƙatar mai ceto. Da ƙyar suka yarda da sharaɗi guda: idan hukumar wasannin makarantu ta amince a riƙa yin gasa a nan, tafki ya zauna, idan ta ƙi, tifa za ta zo. Yau ce gasa ta farko. Makarantu huɗu za su kara, kuma hukuma ta turo sufeto ya zauna ya gani.

Aiki ɗaya kawai ta ba wanda ba ma'aikacinta ba, shi ma don ya dame ta ne. Yayan mijinta, wanda kowa ke kira Kyaftin, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko da yake autansa ya gama makarantar tuni kuma babu wanda ya tuna ranar da aka sake zaɓensa. A kamfanin jiragen ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya. Duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin yadda ya tsallake kogi da iyo a tsakiyar damina. Da farko shi kaɗai ya tsallake. Daga baya ya zama da akwati a ka. A 'yan shekarun nan akwatin ya koma wata tsohuwa da akuyarta. Shi ta roƙa ya je tasha ya ɗauko alƙalin gasa da hukuma ta turo, tunda yana da mota.

Ya dawo shi kaɗai.

Farin wando ne a jikinsa, da farar riga, da farin takalmi sabo mai ƙara. Usur uku na lilo a wuyansa. Ya ce ya leƙa kowace mota a tasha bai ga alƙali ba, kuma mutanen yanzu ba su san darajar alkawari ba. Ta kira lambar mutumin, waya ta ƙi shiga. Ta sake duban kayan Kyaftin, ta yi tunanin cewa ba kasafai ake yin irin wannan shiga don zuwa tasha ba, amma ta haɗiye.

Ɗalibai sun cika benci, iyaye sun cika rumfa. Sufeto, wani mutum mai sanyin magana da ke riƙe da laima ko da babu ruwa, ya ce shi aikinsa kallo ne, ba busa ba. Masu horarwa ba za su yi alƙalanci ba, tunda kowa da yaransa a ciki. Amma ƙa'ida ta yarda a sa wani da ya san harkar ruwa, muddin mai masaukin baƙi ta tsaya masa.

Kyaftin ya yi gyaran murya. Ya ce bai so a kai ga haka ba, shi da ya yi niyyar zama a gefe kamar kowa, amma ba zai zuba ido matar ƙaninsa ta ji kunya ba. Ya matso kusa da ita ya rage murya kaɗan, yadda dai sufeto zai ji, ya ce daga yau hukuma za ta san wanda ta daɗe tana nema, kuma kada ta yi mamaki in ta gan shi a talabijin yana busa wa ƙasashe.

"Yaya, ka san dokokin kuwa?"

"Ƙanwata, ni da ruwa muka tsufa tare. Doka ai daga baya ta zo ta same mu."

Ta dubi yaran da suka yi wata da watanni suna atisaye, ta dubi sufeto, ta ce ta tsaya masa.

Abu na farko da ya yi shi ne karɓe lasifika. Ya kuma kori malamin da aka sa ya ba da alamar tashi, ya ce busa ba ta son baki biyu. Yara shida suka hau dakali, suka duƙa, yatsunsu a bakin siminti, suna jiran usur. Sai ya tuna bai yi wa baƙi maraba ba. Daga maraba ya gangara zuwa tarbiyya, daga tarbiyya ya faɗa kogi, har ya kai inda tsohuwa ke roƙonsa kada ya bar mata akuya. Yara suka gaji da duƙo. Ya sa usur a baki don ya busa, ƙaurin maganin ruwa ya shiga masa hanci, ya yi atishawa. Usur ya yi ɗan tsuwwa. Uku suka faɗa ruwa, biyu suka tsaya, ɗaya ya yi rabi da rabi ya faɗa da ciki.

Kyaftin ya zura hannu a aljihu ya zaro jan kati da ruwan ɗorawa, irin na ƙwallon ƙafa. Ya bi gefen tafki da sassarfa yana ɗaga wa yaran da kawunansu ke cikin ruwa.

A cikin masu horarwa akwai wani ɗan guntun mutum daga makarantar tsallaken titi, ana ce masa Gajere, wanda bakinsa ya fi shi tsawo. Ya naɗe hannu ya tambaya ko za a ba da fanareti, don ya san inda zai tsayar da gola.

"Kai, yaushe ka fara ganin ruwa?" in ji Kyaftin.

"Da safen nan, ranka ya daɗe. Na wanke ido, shi ya sa nake ganin abin da kake yi."

Rumfa ta yi dariya. Kyaftin ya ɗaga masa katin ruwan ɗorawa, Gajere ya rusuna ya yi godiya. Aka sake tseren, aka gama shi ko ta yaya. Sufeto ya mayar da laimarsa ɗaya hannun.

Sai aka zo iyon rigingine. Mai iyon rigingine sama yake kallo, ba ya ganin bangon da ya nufa. Saboda haka ake ɗaura igiyar ƙananan tutoci a saman ruwa, mita biyar kafin kowane bango. Yaro in ya ga tutoci sun wuce ta kansa, sai ya ƙirga bugun hannunsa, ya kife, ya wuntsila, ya doki bango da ƙafa ya dawo. Kowane yaro da nasa lissafin, jikinsa ya haddace shi.

Kyaftin ya ɗauka ado ne. Lokacin da ake hutun shan ruwa ya lura tutocin sun yi nisa da rumfar manyan baƙi, ba za su fito a hoto ba. Ya sa masinja da mai gadi suka ciccibo sandunan da duwatsun da ke danne su, suka matso da su wajen tsakiya. Malamin wasanni na makarantar yana can yana jera yara, bai gani ba sai da aka busa.

Yara shida suka taho a rigingine, hannuwa na sara ruwa gwanin sha'awa. Suka ga tutoci, suka ƙirga, suka kife a tare, suka wuntsila a tare, suka doki bangon da ba ya nan. Ƙafafu goma sha biyu suka harbi ruwa. Wani ya sake harbawa ko bangon ya makara. Wani ya ɗago kai yana waige-waige kamar wanda aka sace wa keke.

Kyaftin ya busa usur biyu a lokaci guda. Ya sanar ta lasifika cewa an kori duka shida, domin doka ta hana mai rigingine kifewa a tsakiyar ruwa. Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ya fi ba masu horarwa haushi. Suka yi masa caa. Malamin wasanni, wanda yake jin nauyinsa saboda Shugaba, ya yi ta maimaita cewa tutocin na kusa da bango ne, kusa da bango, ranka ya daɗe. Gajere ya ce a bar shi, wataƙila a kogin da ya tsallake bango ne ke zuwa ya sami mutum.

Shugaba ta zame bayan ɗakin canza kaya ta kira mijinta.

"Abban yara, tsakaninka da Allah, Yaya ya iya iyo?"

Ta ji irin dariyar da mutum ke yi yana toshe baki. Ya ce tikiti Yaya yake sayarwa ta taga. Sau ɗaya aka sa shi ya hau jirgi, tun ba a kwance igiya ba ya fara amai, aka sauko da shi. Ma'aikata ne suka sa masa Kyaftin don tsiya, shi kuma ya riƙe.

"Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba ki taɓa tambaya ba. Kuma yayana ne, ki lallaɓa shi."

Ta dawo da niyyar lallaɓawa, ta tarar an riga an busa zagaye na biyu. Kyaftin ya ji an ce kusa da bango, don haka ya sa aka kai tutocin kan bangon kansa, ya ce yanzu ya ga mai sauran magana. Yara suka taho suna kallon sama suna jiran tutoci. Suka gan su daidai lokacin da ƙeyarsu ta gaisa da tayil. An ji ƙarar har rumfa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana gwada kankana a kasuwa.

Wata uwa ta miƙe da jakarta a hannu. Wani ɗan makarantar Gajere ya yi tsalle ya faɗa ruwa ya tallafo abokinsa da ya ga jiri na ɗiba. Mai ceto ya tsamo sauran, ya tasa uku masu ƙulu a ka zuwa ɗakin shan magani, ya tafi tare da su. Kyaftin bai dubi masu ƙulu ba. Wanda ya shiga taimako ya nuna da jan kati. Ya ɗauki lasifika ya kafa doka: daga yanzu duk wanda ya sa ko ɗan yatsa a ruwa ba da businsa ba, ɗalibi ne ko malami, an kori makarantarsa gaba ɗaya daga gasa, bana da baɗi. Ya maimaita har sau uku, ya sa yara suka amsa.

Shugaba ta same shi a gefe. Ta ce rana ta yi zafi, ga shekaru, ko zai zauna a inuwa a kawo masa lemo, masu horarwa su haɗu su ƙarasa.

"Direban jirgi ba ya sauka a tsakiyar kogi, ƙanwata."

"Yaya, na yi magana da ƙaninka."

Ya dube ta, ya ɗan yi ƙifta-ƙifta, sannan ya ce yaron nan tun yana ƙarami hassada ke damunsa. Ya juya ya busa a fito tseren karɓa-karɓa.

Shi ne tsere na ƙarshe kuma mafi maki: yara huɗu daga kowace makaranta, ɗaya ba ya barin dakali sai ɗan'uwansa ya taɓa bango. Malamin wasanni ya yi kuskuren faɗa masa cewa a nan ake satar tashi, sai an sa ido sosai. Kyaftin ya ce idonsa ya taɓa hango kada daga nisan da mai tabarau bai gani ba. Ya tafi ɓangare mai zurfi, ya tsaya a bakin ruwa da sabon takalminsa, a kan tayil ɗin da yara suka jiƙe. Da na farko suka doso bango, ya kama sandar tutoci da hannu ɗaya ya leƙa. Bai gani da kyau ba, ya ƙara leƙawa. Masinja da mai gadi sun gaji da ciccibar duwatsu, a karo na biyu ba su danne gindin sandar da komai ba.

Sanda ta bi shi, igiya ta bi sanda, ɗaya sandar da ke tsallake ita ma ta taho. Kyaftin ya shiga layi na shida, wanda babu kowa a ciki, da tutoci ja da fari naɗe a wuya.

Sai aka fara tafi. Iyaye da yawa sun sha jin labarin tsohuwa da akuya, suka ɗauka yau za a nuna musu. Ya ɓullo ya daki ruwa da hannu biyu, ya nutse. Ya sake ɓullowa da ƙafa ɗaya a sama. Wani uba ya ce wa na kusa da shi irin iyon mutanen da ke nan, ba a koyar da shi yanzu. Gajere ya matso bakin ruwa ya leƙa, ya ce shi dai ya san na kwaɗo, ya san na rigingine, wannan kuwa sai dai ko na kazar da ta faɗa rijiya.

Yaran da ke kan dakali sun fi kusa, su suka fara gane ba wasa ba ne. Suka dubi juna, suka dubi masu horar da su. Wani ya ɗaga ƙafa, abokinsa ya riƙe shi ya tuna masa bana da baɗi. Usur ɗin da zai ba su izini yana bakin Kyaftin, kuma yana busa shi iyakar ƙarfinsa, sai dai kumfa kawai ke fita.

Shugaba ba ta taɓa gudu a gaban ɗalibai ba, ranar ma ba za a ce ta yi gudu ba, amma ta isa bangon da ake jingine doguwar sandar kwashe ganye kafin kowa ya motsa. Ta miƙa masa don ya kama, ya kasa. Sai ta kifa masa ragar da ke bakin sandar a ka, ta ja. Malamin wasanni da Gajere suka kama kwalar riga da bel, suka zube shi a kan tayil. Takalmi ɗaya ya rage a ruwa, jan kati na yawo kusa da shi.

Ya yi tari, ya amayar da abin da ya sha, ya zauna da raga a ka. Maganar farko da ya yi ita ce tambayar wanda ya ba da izinin a taɓa alƙali.

Ana cikin haka wani mutum ya shigo ta ƙofa, gumi ya jiƙa shi, yana jan ƙaramar jaka. Ya gaida sufeto da sanayya, ya ba Shugaba haƙuri, ya ce shi ne alƙalin da aka turo. Tun da safe ya sauka a tasha. Wani dattijo ya tare shi ya ce daga makaranta aka aiko shi, an ɗage gasa saboda tafki ya tsage, har ya raka shi ya hau motar komawa. Sai da suka yi nisa ya sami caji a waya, ya kira ofis, aka ce masa babu wannan magana.

Sufeto ya tambaya ko zai gane dattijon. Mutumin ya ce fararen kaya ne a jikinsa, da usur a wuya. Yana faɗa idonsa ya sauka a kan abin da ke zaune a tayil. Ya ɗan karkata kai, ya ce a ɗaga ragar.

Ba a yi dariya sosai ba a wannan karon. Uwar nan mai jaka ta taho, sai da mata biyu suka riƙe ta.

Sufeto ya soke sakamakon ranar duka. Da zai shiga mota ya gaya wa Shugaba cewa bai ga laifin tafki ba, ruwa tas, zurfi kuma an gwada a gabansa. Amma hukuma za ta so bayani a rubuce kafin ƙarshen wata, da sunan wanda ya yi abin da aka yi. In ba ta rubuta ba, laifin makaranta ne, kuma ba za a sake kawo gasa nan ba.

Ta rubuta a ranar Litinin. Shafi ɗaya ne, babu zagi a ciki, babu ƙari. Ta faɗi wanda ya mayar da alƙali, da wanda ya matsar da tutoci, ta faɗi cewa ita ta tsaya masa, ta roƙi a sake gasar, ta yi alkawarin ba zai ƙara wuce ƙofar tafki ba. Sannan takardar ta zauna a jakarta. Mijinta ya ce ta rubuta "wani daga cikin iyaye" mana, ai ba ƙarya ba ne. Surukarta ta aiko a gaya mata cewa babba babba ne ko a jiƙe. Masu makaranta kuwa suka turo wani da tef ya auna tsawon tafki da faɗinsa, ya ce mota ashirin za ta shiga a sake.

Ran nan da yamma Kyaftin ya zo gidan da kansa, da sauran mura. Ya riga ya gaya wa mutanen unguwa cewa da gangan ya faɗa, don ya gwada ko yaran zamani sun san ceto, kuma duk sun faɗi. Ya ce ya ji ana maganar wata takarda. Ta kawo masa ruwa, ta zauna a kujerar nesa, ta ciro ta, ta karanta masa daga farko har ƙarshe ba ta tsallake komai ba. Mijinta ya tuna yana da abin dubawa a mota.

Kyaftin ya saurara da ido a rufe. Da ta gama ya miƙa hannu, ya kai takardar nesa da fuska, ya bi layuka da yatsa har ya tsaya a wuri guda. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wannan hukuma za ta je?"

"Hukuma za ta je, Yaya."

"Shi ne kika rubuta sunana tsirara haka, kamar na ɗan aike? Ina Kyaftin ɗin?"

Ta ɗauko biro ta ƙara masa, da manyan baƙaƙe, duk wurare huɗun da sunan ya fito. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ta yi takarda.

Washegari kafin ta wuce makaranta ta tsaya a gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa ta a akwati.